Mashin ɗin Bappa Hammadu

Asabar, daga Jimeta

Ƙarfe biyar da kwata na bar gida a unguwar Gwadabawa, bayan sallar asuba. Abin da ya fitar da ni mashin ne. Na samu gona kusa da Jabbi Lamba, daga bakin titi zuwa can tafiyar sa'a ɗaya da rabi ce a ƙafa, ga damina ta ƙarato. Aka ce mini wani dattijo a ƙauye gabas da Song yana sayar da tsohon mashin ɗan Japan, da araha.

Gara in faɗi ko ni wane ne. Kafin a hana hawan mashin a cikin gari saboda tashin hankali, dillancinsa ne sana'ata. Na cuci masu saye, na cuci masu sayarwa. Da aka hana, na koma sayar da hatsi, na ce na tuba. Sai dai tun lokacin ban sake tsayawa gaban mashin ɗin sayarwa ba.

Motar Song da na shiga a tasha ta cika shida da rabi. Muna hawa gada direba ya ji inda za ni da abin da zan sayo.

"Alhaji, kana da lafiya? Ga sabo ɗan China a kwali, ka tafi neman kakansa?"

"Kakan zai binne jikan," na ce. "Ƙarfensa daban ne."

"To in ya mutu a daji, sai ka kira Japan su kawo maka fulogi."

Mota ta kwashe da dariya. Yana da gaskiyarsa: kada ka sayi tsohon da kayan gyaransa suka ɓace a kasuwa. Kafin in taso sai da na zaga wurin makanikai na tabbatar ana samun zoben inji da kulocin irinsa.

Girei zuwa Song

Shinge uku muka wuce. A na biyu aka sauke mu duka, muka taka da ƙafa, soja ya leƙa jakata ya ga sifana da fulogi.

"Oga, you be mechanic?"

Na ce a'a, manomi ne. Ya dubi tafin hannuna, ya yi murmushi, ya ce in wuce.

Tara saura muka isa Song. Na sha kunun gyaɗa da ƙosai na ɗari biyar, sannan na hau bayan a-kori-kura mai ɗaukar masara. Minti arba'in a hanyar burji, muka sauka.

Gidan Bappa Hammadu

Dogo ne siriri, tsohon malamin gona, idanunsa sun yi fari-fari. Su ne dalilin sayarwar: ya ce yanzu ba ya bambance rami da inuwa. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo kindirmo, sannan ya yaye buhun da ke kan mashin ɗin.

Ja ne, fentin ya koɗe, kujerar an ɗinke ta da zaren buhu. Wannan bai dame ni ba; sabon fenti a kan tsohon mashin shi ke ba ni tsoro. Na tsuguna. Kawunan notin inji ba su cinye ba, alamar ba a yawan buɗe shi. Na leƙa tanki da tocila, ba tsatsa. Lambar inji ta yi daidai da ta takarda, kuma a wannan hanya mashin marar takarda fitina ce ka saya. Na tambaye shi yadda ya tsira da shi lokacin da ake ƙwace mashina.

"Cire tayoyin na yi, na sa shi a rumbu, na zuba dawa a kai. Damina biyu yana ciki. Kafireta kuwa a tukunyar matata ta zauna."

Na so in ji ƙarin labarin, amma da na taɓa injin na ji ɗumi. Ya ce ya tayar da shi ne da ya ji ina tafe. Ni ma haka nake yi a da, don inji mai ɗumi yana ɓoye ciwonsa. Na ce sai gobe da safe, kada kowa ya taɓa shi. Na kwana a zauren Jauro, mai garin, bayan tuwon dawa da miyar kuka. Bai karɓi ko sisi ba.

Lahadi

Shida da rabi ina ƙofar gidan. Inji sanyi ƙalau. Bugu na biyu ya tashi, sautinsa a zaune, hayaƙin ɗan kaɗan. Na san na samu abin da nake nema. Farashin da Bappa ya faɗa ma bai kai darajarsa ba.

Duk da haka, da na hau zan gwada shi, hannuna ya sauka ƙarƙashin tanki ya murɗe ɗan makullin mai. Tsohuwar dabara ce: mashin zai yi tafiya kaɗan da man da ya rage, ya mutu a idon mai shi, farashi ya faɗi. Ba zan ce mantuwa ba ce. Na san idanunsa ba za su gani ba, shi ya sa na yi.

Daidai wata bishiyar tsamiya ya yi tari ya mutu. Na turo shi ina girgiza kai.

"Bappa, ka ji da kunnenka. Akwai aiki a cikinsa. Sai ka rage."

Ya shafa tankin.

"Bai taɓa yi mini haka ba. Allah ya so ka, ɗana, da ya nuna halinsa tun a nan." Ya jawo buhun ya fara rufe shi. "Na fasa. Ba zan sayar maka da abin da zai yashe ka a daji ba."

"A'a, Bappa, zan ɗauka a hakan, zan gyara."

"Ko kyauta ba zan ba ka ba. Kana da iyali?"

Na ce ina da su.

"To ka gani."

A duk shekarun dillancina ba wanda ya taɓa yi mini wannan. Na tsaya kamar an dasa ni. Ga gona tana jira, ga tsoho yana ba ni haƙuri a kan laifin da ni na ɗora wa mashinsa, har yana cewa zai biya mini kuɗin mota. Wannan ce ta karya ni. Na kama hannunsa na kai kan makullin.

"Bappa, taɓa nan. Ni na rufe."

Yatsunsa suka murɗa shi, suka mayar. Bai ɗago ya dube ni ba.

"Ashe lafiyarsa ƙalau," ya ce a hankali. "Alhamdu lillahi. Na ɗauka na kusa cutar baƙo."

Na roƙe shi gafara. Ya ce Allah ya yafe mana duka. Ya aika aka kira Jauro, aka rubuta takardar ciniki a kan farashinsa na farko, shaidu biyu suka sa hannu. Bai gaya musu abin da na yi ba.

Komawa

Tara da rabi na kama hanya a kansa. A shingen Song suka duba lamba da takarda, minti goma suka sake ni. Giya huɗu duk suna shiga sumul, sarƙa ce kawai take son canji. Sha ɗaya da rabi na ajiye shi gidan ƙanwata a Jabbi Lamba, tunda ba ya shiga Jimeta, na hau mota. Azahar a Gwadabawa na yi ta.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ina gode wa Jauro da masaukinsa. Bappa Hammadu kuwa, ya cika mini tanki da mai, ya ba ni tsofaffin fulogi biyu a ƙunshe cikin tsumma, ya ce in gai da gida. Amma bai rako ni ko bakin zaure ba. Yana daga zaune a tabarma na fita.