Ƙararrawar da Kaka Ta Ji a Jarwal

Jiya a kasuwar Zahir, nan Makka, farantin ƙarfe ya suɓuce wa wani mai shago, amonsa ya tuna mini da marigayiya kakata.

Tana budurwa ta musulunta ta biyo kakanmu Makka, amma kullum zancenta cocin Katolikan ƙauyensu a Najeriya. Mahaifinta ne ya sassaƙa mutum-mutumin Maryamu, ya ba shi fuskar matarsa da ta rasu. Mata kan shafi ƙafarsa har itacen ya yi santsi. Ƙanen Kaka kuma shi ke kaɗa ƙararrawar cocin.

Wata rana da hantsi muna tsintar shinkafa a gidanmu na unguwar Jarwal, sai ta tsaya cak.

"Kin ji, 'yar nan? Ana kaɗawa ɗaya-ɗaya. Ta mutuwa ce."

"Kaka, ai babu coci a Makka."

"Na sani. Kuma wannan ba hannun ƙanena ba ne."

Ni fanka kawai nake ji. Da la'asar aka bugo waya: ƙanen nata ya rasu da safiyar ranar.

Allah ya haskaka kabarinki, Kaka, ya yaye miki kewar gida.