Kai Inna Maraɗi Neman Maganin Kunne

Ni ne na ƙarshe a gidanmu da ya san Inna ta kurumce, kuma ba don ina nesa ba ne. Ni ɗan fari ne. A wajenmu, can Birnin Tsaba ta ƙasar Zurmi, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta hira da shi, in ya gaishe ta ma sai ta kau da kai ta kama wani aiki. Inna kuwa tana da jinin Fulani ta wajen uwa, sai ta ɗauki abin ta ƙara masa gishiri. Tun da na yi wayo ban taɓa cewa "Inna" ta ce "na'am" ba. In tana so in ci abinci sai ta gaya wa ƙanwata, in babu mutum kusa ta gaya wa kaji, cewa ga tuwon yaron can yana hucewa.

Da aka ba mu sabuwar jiha aka dawo da ni daga Sakkwato, aka ba ni shugabancin wata firamare a Ƙaura Namoda, sai na riƙa zuwa gida duk Asabar. In durƙusa a ƙofar ɗakinta in yi gaisuwa, in kawo labarin yara da na aiki da na tsadar hatsi, ita kuma tana ciki tana tsintar wake, ko ɗagowa ba ta yi. In tashi in kakkaɓe gwiwa raina fes, ina cewa Inna dai tana nan yadda na san ta. Ashe na daɗe ina yi wa labule bayani.

Goggo, ƙanwar mahaifina, ita ta fasa mini ƙwan. Lokacin an fara Shari'a, ko'ina ka juya wa'azi ne, an ɗaura lasifika a kan kowane dogon icce, har awaki sun saba. Akwai wata a bayan katangarmu wadda in aka kunna ta kwanukan ɗaki sai sun yi rawa. Amma Inna ta kai wa Goggo ƙorafi wai malaman yanzu ba su da murya, sai motsa baki, ko yunwa ce ke damunsu. Goggo ta tare ni a zaure ta ce uwarka fa kunne ya tafi, kowa ya sani har mai tallar kuka, kai kaɗai ne kake zuwa kana mata tatsuniya. Kunya ta kama ni, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga ko da ta mutu da ciwon nan ni ba zan gane bambanci ba.

Muka shiga neman magani irin namu. An ɗiga mata man shanu mai ɗumi, an ɗiga ruwan albasa, wanzami ya zo da gashin kaza ya yi shara har Inna ta yi atishawa ta kore shi. Wani mai magani a kasuwar Shinkafi ya ba ni wani baƙin ruwa a kwalba, ya rantse ya buɗe kunnen wani tsoho da shi har tsohon ya koma ƙorafin surutun jikoki. Sai da na tambaye shi sau da yawa yadda ake sha, yana ta ce mini "mi?", sannan na lura shi ma da hannu yake tare kunne. A asibitin gari aka wanke kunnen, aka ce ba datti ba ne, tsufa ne, sai dai na'urar da ake maƙalawa, kuma su ba su da ita.

Daga nan masu shawara suka yi mini caa. Wannan ya ce Masar, wancan ya ce Indiya, wani da ko Gusau bai cika zuwa ba ya ce in ba Jamus ba to ɓata lokaci ne. Wani direba da ke jigilar Jibiya ne ya ce mini akwai wani likita Bature da kan zo wani ƙaramin asibiti a Maraɗi lokaci-lokaci, yana auna kunne yana sa na'ura, kuma yanzu haka yana nan, amma ya kusa komawa. Kafin in rufe baki labari ya zagaye gari cewa zan fitar da Inna ƙasar waje. Mata suka yi ta zuwa sallama kamar mai tafiya Hajji, ana yafe wa juna, wata har da kuka. Tafiyar da in ka fita da hantsi za ka yi azahar a can.

Na ɗauki Goggo don ta zama bakinmu, tunda ni da Inna ba ma magana sai da ɗan aike. A mota aka sa mata baya maza gaba, yadda sabuwar doka ta ce, abin ya yi wa Inna daidai, don ita ta riga gwamnati kafa wannan dokar a kaina. Muka wuce Zurmi, muka wuce Jibiya, jandarmomi suka duba mu suka bar mu. Muna isa asibitin muka tarar da layi. Goggo ta zauna a benci ta ƙirga mutanen da ke gabanmu da ido, ta ce ita ba ta zo ƙasar waje don ta ɗumama katako ba, mutane sun ba ta saƙon atamfa da cuku, bari ta leƙa kasuwa yanzun nan ta dawo. Ko ƙurarta ba ta kwanta ba aka kira mu.

Likitan dattijo ne mai jan wuya, mutumin Faransa, ba ya jin Hausa. Tafintansa wani magidanci ne siriri mai farar riga, muryarsa siririya ƙwarai, in kana bayan ƙofa sai ka ce mace ce. Aka kifa wa Inna wasu abubuwa a kunne, aka ce in ta ji ƙara ta ɗaga hannu. Ta yi yadda aka ce. Likita ya gyaɗa kai, ya ɗauko wata 'yar na'ura kamar ƙwarar gyaɗa biyu, ya maƙala mata a bayan kunne, ya murɗa wani abu. Na ga idon Inna ya buɗe, ta juya tana neman inda fanka ke kuka.

Tafinta ya koma bayanta ya tambaye ta daga wane gari take. Ta ce Birnin Tsaba. Ya tambaye ta me ta karya da shi, ta ce koko, kuma bai yi tsami yadda take so ba. Murna ta kama ni har na fara yi wa likita godiya da Turancin da shi ma ba ya ji. Sai ya ɗaga hannu ya ce saura gwaji ɗaya. Muryar tafinta siririya ce, yana so ya tabbatar tana jin murya mai kauri, kuma wadda ta saba da ita a gida. Ya nuna ni.

Na koma bayanta na gyara tsayuwa, na fito da muryar da nake tsawata wa yara a filin makaranta na ce, "Inna." Ta dubi bango. Likita ya murɗa na'ura ya ce in sake. Na sake. Ta gyara mayafi. Tafinta ya ce mata Hajiya kina ji, ta ce masa sarai. Na ce Inna, ta koma kallon bango, inda aka liƙa hoton cikin kunnen mutum, kamar ta zo karatunsa ne.

Na jawo tafinta gefe na gaya masa ni ɗan fari ne. Ya dafe baki yana danne dariya, sannan ya juya ya yi wa likita bayani mai tsawo. Likita ya saurara, ya dube ni, ya dubi Inna, ya girgiza kai. Wai ya yi aiki a ƙasashe da yawa, bai taɓa ganin uwar da ɗanta zai kira ta a gaban likita ta ji ta ƙi amsawa ba. Wai 'ya'ya sun iya nemo wa iyayensu uzuri don a ba su na'ura su tafi, a je gida a jefa ta a ƙarƙashin gado, shi kuwa kaɗan ya zo da su, ba zai ba wanda ba za ta amfana ba. Ni kaina sai shakka ta shige ni. In ita ba ta taɓa amsa mini ba, ta ina zan rantse cewa yanzu tana ji?

Aka shiga wahalar da ni. Ya ce in koma dama, na koma. In koma hagu, in matso, in ja baya, in yi raɗa, in ɗaga murya. Can ya ce in siranta murya kamar ta tafinta a gani. Ni da furfura a gemu, shugaban makaranta guda, na tsaya a ƙasar mutane na maƙe wuya ina cewa "Inna, Inna" da muryar ɗan akuya. Masu jiran layi suka fara leƙowa ta taga. Ina yi ina duban ƙofa ko Goggo za ta faɗo, amma Goggo na can tana taya atamfa.

Likita ya zauna ya cire tabarau. Ta bakin tafinta ya ce abin ya wuce kunne, wataƙila jijiya ce, tana kama wata murya tana sakin wata, sai an kai ta Yamai an yi babban bincike, in ta kama ma har Faransa. Na'urar dai zai karɓi abarsa. Amma ya ce in yi gwaji na ƙarshe, in bar kiran suna, in yi mata magana sosai yadda nake yi a gida.

Na tsaya a bayanta ina kallon ƙeyarta, na ga yadda ta ƙanƙance a cikin mayafi. Duk labarin hatsi da na aiki ya gudu daga kaina. Tsoro nake ji kada mu koma da ita yadda muka zo, kuma ban da tsoron akwai wani abu da na daɗe ina so tun ina yaro, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Na sassauta murya na ce, "Inna, in kina jina ki ce na'am, ko sau ɗaya. Ba don likita ba, don ni."

Likita ya jira, ya ɗaga kafaɗa, ya miƙo hannu zai zare na'urar. Inna ta sa tafin hannu ta rufe kunnenta. Ba ta juyo ba, mai fassarar ta kalla.

"Malam, hwaɗa ma likita shi bar man abina. Dut abin da yaron can yac ce na jiya, tun na hwarko. Kuma ka ce mai shi bar maƙe murya gaban mutane, babba da shi."

Tafinta ya fara juya wa likita, ta ɗaga masa yatsa alamar ba ta gama ba.

"Ka ce mai kuma, ni ba don wa'azi niz zaka ba. Ran Assabar in ya durƙusa bakin ɗaki ina ganin inuwatai ga labule, amma ban jin mi yaka cewa. Shi ad damuwata."

Likita ya janye hannunsa tun kafin a gama fassara masa. Tafinta kuwa, da yake mutum ne mai riƙon aikinsa, ya juyo gare ni ya tsaya sosai, ya maimaita mini da Hausa abin da uwata ta faɗa da Hausa, bai rage ko kalma ba. Ban hana shi ba, don ina so in sake ji. Hawaye ya cika mini ido, ban ma damu da masu leƙen taga ba. Na ce masa ya gaya mata na gode. Kafin ya buɗe baki Inna ta ce masa ba sai ya faɗa ba, ta ji.