Sandar Tamba

Ban taɓa son Tamba ba, kuma mutuwarsa ba ta sa na canza ra'ayi ba. A shekarun da Birnin Kebbi ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, shi ne mai tantance karnuka a ƙungiyarmu ta mafarauta, daga Zauro har Argungu. Karen da bai yarda da shi ba, ba ya shiga daji tare da mu.

Yana da wata sandar gora mai tsaga uku: ta tsayin ƙafa, ta tsawon baki, ta faɗin ƙirji. Sai kuma ƙugu, wanda dole hannuwansa biyu su zagaye. Karen da ya cika waɗannan shi ne "tsantsa". Domin kada jinin ya gauraya, uba yake haɗawa da 'yarsa, ɗa da uwarsa. Ya horar da Hodi da Hammadu, manyan mutane masu gemu, suka koyi turo baki da girgiza kai irin nasa. Awo kawai ya koya musu. Ban taɓa ganin ɗayansu ya kira kare don ya ga ko zai waiwayo ba.

Nawa karen sunansa Barsu, baƙi ne, gajere, mai ƙaton kai. Idan na yi fito daga wancan gefen fadama, kafin na sauke hannu ya iso. Burina ɗaya ne, in samu 'ya'yansa.

Ranar awo Tamba ya ɗora masa sanda, ya yi tsaki.

"Wanga ba tsantsa na ba," in ji shi. "In kana son shi shiga daji, sai an dandaƙe shi, kar shi ɓata muna iri."

Na roƙe shi. Na ce ya bari ya ga aikinsa sau ɗaya. Ya ce shi ba aiki yake aunawa ba. Ni kuma ina son farauta, ina tsoron a ce an kore ni, sai na riƙe Barsu da hannuna Tamba ya yi aikin. Wannan kunyar tawa ce, har yau tana cina.

Bayan damina huɗu tsantsar Tamba ta fara nuna kanta. 'Yan kwikwiyo suna fitowa kyawawa, dogaye, amma rabinsu kurame. A wata farauta kusa da Argungu babban karensa ya bi gadu, wato aladen daji. Tamba ya yi ta kira har muryarsa ta dushe, karen bai ji ba, gadun ya juyo ya farke masa ciki. A wannan rana kira ɗaya na yi wa Barsu ya dawo.

Mako biyu bayan haka sai ga Tamba a ƙofar gidana a Zauro, ya ja karyarsa ta ƙarshe da igiya. Ba sanda a hannunsa.

"Maliki, na zo aro," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Baƙin karen nan naka mai jin kira, bari shi hau wagga."

Ashe ya manta. Karnukan da ya dandaƙe sun fi ƙarfin ya tuna su. Na yi fito, Barsu ya taho da gudu, na juya shi, na ɗaga wutsiyarsa don Tamba ya ga aikin hannunsa.