Tulunan Yaya Garba

Shekara biyar ke nan cif, a makon nan, da muka kai yayana Garba makwancinsa. Ya rasu saura shekara biyu a ba mu jiha, don haka bai ga Gusau ta zama babban birni ba, bai ga sababbin manya da sababbin motocinsu ba, bai kuma ga abin da aka mayar da tafkinsa ba. Wani lokaci nakan ji takaicin hakan. Wani lokaci kuma, musamman idan na dawo daga wajen, sai in ce Allah ne ya hutar da shi.

Na ce tafkinsa, ko da yake ko taku ɗaya na wurin bai mallaka ba. Mu biyu mahaifinmu ya haifa a Bungudu. Ni aka sa boko, shi aka miƙa wa fartanya, daga baya ya biyo ni Gusau ya kama aikin lebura a gandun renon itatuwa. Tafkin kuwa wani kwari ne bayan unguwarmu inda ruwan damina ke taruwa ya kwana har bazara. Mata na wanki a bakinsa, shanu na sha, masu bulo na ɗiba. Ruwa dai ga shi, amma inuwar da akuya za ta raɓa babu. Wannan ne ya tsaya wa Yaya Garba a rai, ya fara kawo dashen da aka zubar a wurin aikinsu yana kafawa a gefen ruwan.

Yadda yake dashen ne ya sa unguwa ta san shi. Gida-gida yake bi yana roƙon tulun da ya tsage, wanda uwar gida ta riga ta jingine bayan ɗaki. Sai ya haƙa rami kusa da dashen, ya binne tulun har wuya, ya jefa ɗan gawayi a ciki don kada ruwan ya yi wari, ya cika shi, ya rufe bakin da sakaina. Ruwan ya riƙa tsatsowa ta tsagar a hankali, saiwa na sha. Sannan ya karɓi ƙyallen tsohon zanen mai tulun ya ɗaura a wuyansa, don kowace mace ta gane nata. Duk wadda ta zo wanki, kafin ta tafi sai ta cika tulunta. Da haka kowane itace ya samu uwa. Akwai tsamiyar Inna Delu, akwai kanyar gidan liman, akwai mangwaron Maman Bitrus, matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa daga kudancin Kaduna, wadda ta fi kowa tsiwa ta kuma fi kowa cika tulu.

Nakan tsokane shi a lokacin. In ce masa, Yaya, mutane na neman famfo kai kana binne kayan juji. Ba ya ɗaga kai daga ramin.

"Kai ɗan boko, mi kas sani?" yake cewa. "Icce ba ya son a sheƙa mai ruwa a tahi. Kaɗan-kaɗan yaka so, kullum."

Aikinsa na ƙarshe shi ne layin mangwaro mai aure da ya dasa a tudun gabas, inda ƙasar tsakuwa ce kuma ruwan ya yi nisa. A daminar da ya dasa su ciwo ya kwantar da shi. Ran da na je duba shi na ƙarshe, da la'asar, bai yi mini maganar gida ko ta 'ya'ya ba, don ya san waɗannan ba sai ya faɗa ba. Hannuna ya kama ya ce, "Isiyaku, waɗanga na gabas ƙanana na. Sai sun ci rani huɗu kahin su tsaya da kansu. Kak ka bari tulunansu su bushe." Na ce masa to. Abin da ya roƙe ni ke nan a duniya, bai ƙara da komai ba.

Rani biyu na farko alkawarin bai wahalar da ni ba, domin ba ni nake cika shi ba. Matan unguwa ne. Ni dai nakan bi ta wurin ranar Juma'a, in ɗaga sakaina in ga ruwa, in wuce ina jin kaina mutumin kirki.

Sai aka ba mu jiha. Wanda bai zauna Gusau a watannin nan ba ba zai gane irin zumuɗin da ya kama mu ba. Kowane ofishi ya haihu, kowane akawu yana hango kujerar da ta fi tasa. Aka ce babban birni ba ya zama babu wurin shaƙatawa, aka duba aka ga tafkin nan da itatuwansa a shirye, kamar an ajiye mana. Aka kafa kwamiti, aka naɗa wani Alhaji shugaba, ni kuma aka ba ni sakatare. Na yi murna ƙwarai, har na ce wa iyalina da Yaya na raye da ya ga ranarsa.

Kuma kada in yi wa wurin rashin adalci, an yi aiki. Wanda ya je yau zai tarar da katanga da ƙofar ƙarfe, da lilo iri-iri, da kwale-kwale masu kan agwagwa waɗanda ake tuƙawa da ƙafa. Akwai bukkoki masu kujerun siminti, akwai masu tsire da masu lemo, akwai mai hoto da labulensa mai zanen jirgin sama. An kawo jimina guda da birai biyu a keji, ga wani kada na siminti da yara ke hawa. Ranar Sallah da ranar Kirsimeti 'yan kabu-kabu ba sa hutawa, mutane daga Tsafe da Magami da Ruwan Bore suna zuwa mota-mota. Na ga tsoho ya shiga kwale-kwale yana salati, ya fito yana dariya har da hawaye. Ba zan ce wannan ba komai ba ne.

Amma akwai wata safiya a farkon aikin, cikin rani na uku, wadda ita ce dalilin wannan rubutu. Ɗan kwangila ya kawo leburori daga wajen Tsafe, waɗanda ba su san unguwar ba, aka sa su share ciyawa a tudun gabas. Muna zagayawa da shugaba sai muka ji ihu. Wani lebura ya daki abu da diga, ya tona, ya ga tulu a binne har wuya, an rufe bakinsa, an ɗaura masa jan ƙyalle, ga gawayi a ciki. Kafin mu ƙarasa sun watsar da kayan aiki sun ja da baya. Aka duba gindin itace na gaba, ga wani. Na gaba ma haka. Shugaban leburorin ya zo ya ce, "Ranka ya daɗe, an yi ma wurin ga aiki. Mu dai ba mu taɓa shi sai an karya."

Shugaban namu dama ya daɗe yana cewa akwai masu baƙin ciki da naɗinsa. Ya cire hula ya share zufa, ya juyo gare mu fuskarsa har da wani haske, kamar wanda aka kawo wa shaida a kotu. Ya ce ai ya faɗa, ga shi Allah ya tona su. Nan take ya aika mota a ɗauko masa malami, ya kuma tura a sanar da na sama da shi cewa ya gano makirci.

Ina tsaye a gefensa da fayil a hammata. Na san tulun, na san ƙyallen, na Inna Delu ne, don bayan tsamiyarta ta ɗauki ɗaya daga cikin mangwaron gabas. Magana ɗaya ce ta rage mini: Alhaji, na ban ruwa ne, yayana ya binne su. Amma ya riga ya aika saƙo sama, kuma gyara masa a gaban leburori kunyata shi ne. Sunana yana kan teburinsa a lokacin, cikin waɗanda za a ƙara wa girma. Na kuma ji tsoron wani ya juya maganar ya ce ashe gidan sakatare ne suka binne. Sai na ce wa raina, bari ya huce, gobe in same shi a keɓe. Kafin azahar malami ya zo ya yi tofi, aka tone tulunan ɗaya bayan ɗaya, har na gindin manyan itatuwa, aka tara su aka farfasa. Shugaba ya umarce ni in rubuta doka a kan haka, na rubuta da hannuna: an hana binne kowane irin abu a cikin wannan wuri. Goben da na ce ba ta zo ba.

Kwana uku bayan haka Maman Bitrus ta tare ni a bakin masallacin unguwa, da ragowar wuyan tulunta a hannu. Ba ta gaishe ni ba.

"Malam Isiyaku, an ce kana wurin."

Na ce ina wurin.

"Bakinka ciwo yake yi ranar?"

Na fara yi mata bayanin yadda aikin gwamnati yake. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ni ban yi boko ba. Amma Garba ya ce mini ya bar su a hannunka, shi ya sa hankalina ya kwanta." Washegari na tarar da wani tulu mai tsaga a zaurena, babu saƙo. Na san daga inda ya fito. Na tura shi bayan ƙofa, ya zauna a nan shekara biyu da 'yan watanni, ina wuce shi safe da yamma.

An yi alkawarin motar ruwa za ta riƙa shayar da itatuwan. Ta zo sau uku, ta sheƙa musu ruwa ta tafi, daga nan aka ce ta lalace. Katanga ta tashi, mata suka daina shiga da bokiti. Manyan itatuwan ba su damu ba, saiwarsu ta riga ta kai ƙasa. Na gabas kuwa ganyensu ya fara naɗewa, ya yi ja, ya zube. Kafin ruwan farko ya sauka babu ko ɗaya da rai, saura rani ɗaya tak su tsaya da kansu. Yau wurin ne ake ajiye motoci, an kafa masa rumfar kwano saboda babu inuwa. Ni kuma an ƙara mini girman, na ci kujerar shekara guda na yi ritaya.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya Garba zai ce da zai dawo ya gani. Ina jin zai so yaran da ke kan lilo, zai tsaya ya daɗe yana kallon jiminar nan yana tausaya mata. Zai yi dariya idan ya ji baƙi a ƙarƙashin tsamiyar Inna Delu suna yaba wa ɗan kwangila da ya iya zaɓen itatuwa, don shi yabo bai taɓa damunsa ba. Zai tambayi dalilin da ya sa aka shafa wa kowane itace farin fenti har gwiwa. Daga nan zai nufi gabas, kuma a nan ne tunanina yake tsayawa kullum. Na san ba zai yi faɗa ba. Zai dube ni ne kawai, irin kallon da yake mini in na tsokane shi, na ɗan boko da bai san komai ba.

Ranar Talatar nan, ranar da ya cika shekara biyar, na ɗauko tulun daga bayan ƙofa, na sayi dashen mangwaro mai aure, na hau kabu-kabu. Mai gadin ƙofar sabo ne, bai san ni ba. Ya dubi kayana ya ce, "Baba, mi za ka yi da tulu?" Na ce binne shi zan yi. Sai na ga ya ja da baya, ya fara motsa baki da addu'a. Ya ce ai an taɓa tono irinsu a nan, kowa ya san labarin, maƙiya ne suka binne.

A nan ne na faɗi maganar. Na ce masa ba maƙiya ba ne, yayana ne, na ban ruwa ne, kuma ina tsaye aka fasa su. Na faɗe ta da ƙarfi har masu tsire suka juyo. Na kai ta ga wanda ba zai iya yin komai da ita ba, bayan ta daina amfani. Ya saurare ni da ladabi, ya ce Allah ya jiƙansa, sannan ya nuna mini allon da ke jikin katanga ya ce, "Amma dai doka ta, Baba, ga ta can rubuce." Na duba. Ko kalma ɗaya ba a sauya ba daga yadda na tsara ta.

Na zagaya bayan katangar ta gabas, inda ba na kowa ba ne, na ari fartanya wurin masu bulo. Rabon da in yi haƙa tun ina yaro a Bungudu, sai da na huta sau huɗu. Na kafa dashen, na binne tulun har wuya, na jefa gawayi, na ɗebo ruwa na cika. Ƙyalle ne ban zo da shi ba, sai na yagi gefen hankicina na ɗaura.

Me ya rage na Yaya Garba? Sunansa ba ya kan allo, ba zai kuma hau ba. Akwai inuwar da dubban mutane ke zama a ciki ba su san mai ita ba, wannan nasa ne, Allah ya kai masa ladan. Akwai filin ajiye motoci, wannan nawa ne. Sai kuma dashe guda a bayan katanga da ke buƙatar rani huɗu, ga ni da shekaru da ciwon gwiwa. Na aika wa Maman Bitrus cewa na binne tulunta. Ta aiko a ce mini ta ji, amma wannan karon kada in sa ran wata mace za ta cika mini shi. Gobe Juma'a, na riga na ajiye bokiti a bakin ƙofa.