Geronmu Ya Ga Jos: Tafiyarmu da Baffa Mamman

Tun kafin kiran assalatu muka bar ƙauyenmu da ke gabas da Ollelewa, ni da Baffa Mamman, wan mahaifina. Ɗansa Habu, wanda ke sayar da kayan miya a Jos, an yi masa haihuwar fari, kuma sunan Baffa za a sa wa yaron. Ni aka haɗa shi da ni don in riƙa karanta masa allunan hanya, in kuma hana shi faɗa da direbobi. Na farkon kaɗai na iya.

Kayanmu cuku ne da kilishi, sai wata jakar fata da Baffa ya rungume. A cikinta akwai tiya uku ta irin geron da ya gada wurin kakanmu, mai dogon zangarniya, mai nuna da wuri ko da ruwa ya ɗauke. Duk ƙauyen babu wanda bai roƙe shi ko cikin tafin hannu ba, kuma babu wanda ya samu. Maƙwabcinsa Malam Ilu ya roƙa har ya gaji. Da yake damina ta ƙarato, Baffa ya ce ba zai bar irinsa a gida da ɓarayi ba. Ɓarayin kuwa su ne matarsa Inna Hajo da 'ya'yansa.

Damagaram zuwa Kano

A Bakin Birji muka samu mota zuwa Damagaram. Yaron mota ya ce a ɗora jakar a sama.

"Ka ɗora uwarka a sama," in ji Baffa.

Na ba da haƙuri, shi kuma ya zauna a kanta. Daga Damagaram muka bi ta Matamaye. Jandarma ya tambaya, ɗan duwan, wato kwastan, ya tambaya, haka ma na ƙetaren iyaka, kowa amsa ɗaya yake samu: "Tsaraba ce." Na ce, "Baffa, me zai hana ka ce iri ne?" Ya ce, "In ce iri ne su ce in ɗibar musu?" Muka kwana a tashar Kano, ni a kan tabarma, shi a kan gero.

Hawan dutse

Washegari da hantsi muka kama hanyar Jos. Mu mutanen Damargu in muka hau tudun yashi sai mu tsaya mu huta, mu ba da labari. A nan kuwa mota ta yi ta hawa har kunnena ya toshe. Duwatsu ne a ɗore kan juna kamar an jera tukwane. Baffa ya leƙa ta taga ya ce, "Ina suke noma? Allah sarki, talakawa."

Sai ga ruwa. Mu da muka bar gida ana duban sama har wuya ya yi ciwo, muka tarar da ruwa na malala a kwata, ba wanda ya tara ko kwano. Wani fasinja har tsaki ya yi, ya ce ruwan nan ya dame shi. Na riƙe hannun Baffa da ƙarfi, don na ga yana shirin miƙewa.

Jos

Da la'asar muka isa. Sanyi ya kama mu a watan da ake soya ƙwai a kan yashin Tanut. Habu ya fito cikin rigar sanyi, ya durƙusa ya gai da mahaifinsa, ya aro mana barguna. Aka kawo gwaten acca da dankalin Turawa. Baffa ya ci loma biyu ya raɗa mini cewa abincin asibiti ne.

Surukar Habu, Hajiya Talatu, ita ke riƙe da gidan saboda jego. Mace ce mai fara'a da saurin hannu. Ta karɓi cuku da kilishi tana godiya, sai idonta ya kai kan jakar.

"Alhaji, wannan kuma fa?"

Bakin Baffa ya riga ya saba. "Tsaraba ce," ya ce, sannan ya tura ta ƙarƙashin gado.

Ranar suna da safe ne karo na farko da ya rabu da ita, don ba a shiga taron raɗin suna da jaka a hammata. Aka yi addu'a, aka raba goro, aka zaga da mu gaishe-gaishe har azahar. Da muka dawo aka ajiye mana fura a ƙwarya. Baffa ya kurɓa, ya lumshe ido, ya sake kurɓa.

"Kai! Ashe mutanen dutse sun san gero. Habu, ka binciko mini mai wannan, in sayi iri."

Hajiya Talatu ta amsa daga bakin ƙofa: "Ai naku ne, Alhaji, Allah Ya saka da alheri. Na ga kunya ta hana ku miƙowa, shi ne na ɗauko da kaina. Mai jego ta sha kunun kanwa, baƙi sun sha fura, kowa sai yabawa yake."

Ban taɓa ganin fuska irin ta Baffa a lokacin ba. Suruka ce, ba dama ya ɗaga murya. Ya dubi ƙwaryar ya daɗe, sannan ya ce, "Madalla." Dariyar da ta taso mini ta koma ciki. Wallahi ya ba ni tausayi. Ya duƙa ya zaro jakar, ya zazzage ta a tafinsa: ƙwaya ba ta kai goma ba.

Komawa

Kwana biyu muna hanya bai yi faɗa da direba ko ɗaya ba. A iyaka ɗan duwan ya taɓa jakar ya ce me ke ciki, Baffa ya ce, "Ba komai," kuma wannan karon gaskiya ya faɗa.

Mun isa gida da yamma, ƙasa na ƙamshi, an yi ruwan shuka a jiya. Kowa na gona, Baffa na zaune a ƙofar gida da gona ba iri. Na ba Inna Hajo labari, ta yafa mayafi ta fita. Can sai ga Malam Ilu da ƙwarya cike da gero, ya ajiye a gaban Baffa. Baffa ya ɗiba, ya murza, ya gane shi nan take.

"Ilu, ina ka samu wannan?"

"Wajen mai ɗakinka. Ta daɗe tana auna mana a ɓoye, Mamman. Rabin ƙauyen nan shi suke shukawa, kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Baffa ya juya ya dubi Inna Hajo. Ta ce, "Tashi ka shuka kafin ƙasa ta bushe. Faɗan ya jira kaka."

Ya tashi, ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu. Mun gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, mun gode wa Hajiya Talatu da furarta. Godiya ta musamman kuma ga ɓarayin gidan Baffa, waɗanda ba don su ba da irin kakanmu ya ƙare a cikin 'yan suna.