Baƙin da Haruna Bai Raka Ba

Lokacin sanyi ne, ana tsakiyar tsinkar auduga, shekarar da ruwa ya wadata a tur'a, wato magudanar ban-ruwan gonaki, har mutanen ƙauyenmu na kusa da Hasahisa suka ɗan samu sararin numfashi. Bukukuwan da aka ɗage saboda rashi duk aka taso da su, kusan kowace Alhamis sai an ji guɗa daga wani gida. Kafin yaƙin nan ne da ya watsa mu. Abin da zan faɗa muku, wallahi tallahi da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma waɗanda suka san ni sun san ni ba mai yawan magana ba ce.

Autana Haruna makaɗin orgun ne a Madani, wannan abin kiɗa mai haƙora farare da baƙaƙe da ake jona wa wuta. Wanda ya san Madani ya san garin waƙa ne, bango duk hotunan mawaƙa da ranakun haflarsu, wato taron kiɗa da waƙa, masu raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, kowa da mawaƙin da yake saki a kunnen fasinja. Babansa har ya rasu bai so sana'ar ba, ni kuwa na ce tunda ba sata ba ce kuma yaron yana sallarsa, Allah ya tsare.

Wata Juma'a ya zo gida, na dube shi da kyau. Ya rame, idanu sun zurma, hannunsa na dama kuwa ko shayi yake riƙe da shi sai ya riƙa kai da komowa a kan gwiwa, gaba, baya, gaba, baya. Na ce, "Auta, zazzaɓi ne?" Ya ce a'a, rashin barci ne kawai, suna ta gwaji don babbar haflar da za a yi Alhamis mai zuwa a wani lambu a bakin kogi, kuma mawaƙin da yake yi wa kiɗa ya yarda ya buɗe wurin shi kaɗai da wani kiɗa nasa na kansa. "Yumma, kiɗanmu na Hausa yanzu shi ake yayi. Ji ki ji." Yumma yake kirana, wato inna. Ya ciro waya ya kunna mini.

Tun bai yi nisa ba na ajiye kofin hannuna. Waƙar niƙan uwar mijina ce, wadda yara ke kira Habboba, Allah ya ji ƙanta. Ita da ƙafa aka zo da ita ƙasar nan tana yarinya, cikin ayarin masu niyyar Makka da guzuri ya ƙare musu a hanya, kuma har ta mutu ba ta yarda da garin inji ba, a dutse take niƙa geronta, tana wannan waƙa, Haruna na rarrafe a gefenta. Ya ƙara mata sauri da ganguna, ta yi daɗi ba ƙarya. Amma tana kaiwa ƙololuwa sai ya yanke ta, ɗif.

Na ce, "Ina sauran?"

Ya ce, "Wane saura? Wannan mai jan rai na ƙarshe? Ustaz, mawaƙinmu, ya ce kashe rawa yake yi, sai ka ce gidan makoki. Ni ma ban riƙe shi sosai ba."

To, ga abin da shi bai sani ba. Habboba in ta gama niƙa ba ta tashi sai ta sassauta murya ta yi wani ɗan guntun baiti a hankali, tana share dutsen da tafin hannu. Ina amarya na taɓa tambayarta, ta ce, "Rakiya nika yi musu." Na ce su wa? Ta ce, "Masu zuwa saurare mana. Ke a gidanku baƙo na tashi a bar shi ya fita shi ɗai?" Na yi dariya a raina na ce rikicin tsufa ne, ban ƙara tambaya ba.

Na kwashe wannan na faɗa wa Haruna. Na zaci zai yi dariya, sai na ga ya dubi hannunsa. Can ya ce akwai wata tsohuwa da ke zuwa wurin gwajinsu, ta tsaya a bakin ƙofa, da baƙin zane irin na mutanen da, ba ta tafi ba ta rawa, ya ɗauka 'yar'uwar mai shayin ƙofar ce. Na ce ita kaɗai? Ya ce ranar farko ita kaɗai ce. Yanzu in ya ɗaga kai, ƙofar cike take. Kuma in ya kwanta ƙarar dutsen niƙa yake ji a cikin kunnensa har gari ya waye. Na roƙe shi ya bar kiɗan nan, ya ce, "Yumma, an buga sunana a bango. In na janye yanzu, wa zai ƙara kirana a Madani?" Ya sumbaci kaina ya koma.

Kwanakin nan na yi ta neman baitin a kaina, ina tsinkar auduga ina nema, ina toya kisra ina nema, wallahi kamar an share. Na tambayi tsofaffin unguwa, kowa ta ce waƙar gidanku ce, mu ba mu san ta ba. Ran Alhamis na yafa tob ɗina na fita unguwa, na hau mota, ni da ban taɓa taka wurin hafla ba tunda uwata ta haife ni.

A ƙofar lambun na tsaya gaban hoton haflar, na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mana a ajin manya, sai ga sunan ɗana a ƙasa, ƙarami. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, na kuma ji tsoro. Bayan la'asar aka fara saboda wutar gari ba ta da tabbas, rana tana nan jawur a kan kogi, ba wani duhu balle a ce ido ne ya yi mini gizo. Samari da 'yammata cike, iyalai a kan kujerun roba, masu gyaɗa na zagayawa. Na samu gefe na zauna ina karanta Ayatul Kursiyyu a ciki.

Haruna ya hau, farar jallabiya, ya sa hannu. Nan da nan wuri ya ɗauka, samari suka yi gaba suna ɗaga hannu suna kaɗa yatsu a saman kansa yadda ake yi wa wanda ya burge, mata na guɗa. Sai na ji ƙanshin jiƙaƙƙen gero. A wurin da babu komai sai turare da hayaƙin shisha! Na waiga.

Suna tsaye a tsakanin mutane, nan ɗaya, can biyu, har bayan dandamali. Mata ne, baƙaƙen zannuwa ɗaure a ƙirji, ƙafa ba takalmi, hannuwansu fari fat da gari har wuyan hannu. Masu rawa na ratsa gefensu ba mai bangaje su, ba mai kallonsu. Dukansu Haruna suke kallo.

Ta kusa da ni ta juyo. Tsohuwa ce mai zane a kumatu, ba Habboba ba ce, kada wani ya ce, ban taɓa ganinta ba. Ta yi magana da irin Hausar da rabona da ji tun mutuwar tsofaffinmu, babu Larabci ko ɗaya a ciki.

"Ɗiyata, ke ce uwar yaron ga?"

Na gyaɗa kai.

"Shina da hannu. Amma mun daɗe tsaye. An yi kira mun taho, an sake kira mun taho, ba a raka mu ba." Ta faɗa ba faɗa ba tsawa, kamar mai tambayar hanya. "In babu mai rakiya, shi za ya raka mu. Har gida."

Innalillahi. Na dubi dandamali, kiɗan ya kai inda yake yankewa, bai yanke ba, ya koma farko. Ya sake kaiwa, ya sake komawa. Mawaƙin yana gefe da makirfo a hannu yana yi masa alama, har ya ce da ƙarfi, "Halas ya Harun, halas!" wato ya isa haka, mutane na dariya suna zaton wasa ne. Sai Haruna ya ɗauke hannu, gangunan orgun ɗin na ci gaba da bugawa su kaɗai, ya sauka ta baya, ba ta inda jama'a suke ba. Bayan dandamalin gangare ne, ƙarshen gangaren kogi. Matan nan suka juya gaba ɗaya suka bi shi, a hankali, suka sa shi tsakiya.

Na tashi zumbur. Na bi su ina tuntuɓe da wayoyin wuta, na kira "Auta! Auta!" ko waiwaye. Na buɗe baki in yi baitin, babu. Ya Rabbi, babu! Na zube a kan gwiwa a cikin ƙasa, hannuwana biyu a gaba, kuma ku ji ikon Allah, zaman mai niƙa ke nan. Hannuna ya tura gaba ya dawo, ya tura ya dawo, na share ƙasar da tafi kamar yadda take share dutse, sai waƙar ta fito da kanta, daga ina ban sani ba. Kalmomin ba zan rubuta su ba. Ba su da yawa, sallama ce da fatan sauka lafiya.

Suka tsaya. Na miƙe ina yi ina tafiya, na shiga cikinsu, sanyi kamar na buɗe randa, na wuce ɗana na yi gaba, don mai rakiya ba ya bin baya. Muka gangara tare har ƙafata ta taɓa laka. A nan tsohuwar ta dafa kafaɗata ta ce, "Ya isa haka, koma. Mun gode. A gaida mutanen gida."

Na ce, "Su ji." Abin da bakina ya saba ke nan. Na juya ban waiga ba.

Haruna na tsaye, ruwa ya jiƙa masa gefen jallabiya, yana ƙifta ido. Ya ce, "Yumma? Mi ya kawo ki nan?" Hannunsa ya tsaya cik. Can sama mawaƙin ya riga ya fara waƙarsa, ana ta tafi, ba wanda ya san an yi wani abu. Sai da muka hau mota yaron ya ce, "Yumma, kin jingina da bango ne?" A kafaɗar tob ɗina shatin yatsu ne, fari. Na shinshina, gero.

Ban san ko su waye ba, ban kuma je wurin kowa neman fassara ba, Allah shi ne masani. Abin da ke hana ni sukuni har yau, yara da yawa sun ɗauki kiɗan a waya ranar nan, kuma iyakar inda ya sauka daga dandamali suka ɗauka, babu baitin rakiyar a ciki. Na taɓa jin sa yana tashi daga wata raksha a Sinnar bayan mun yi gudun hijira, na tsaya a gefen titi na yi baitin a hankali, mutane na kallona. Ku masu kiɗa da masu zuwa hafla, don Allah in kun ɗauko waƙa a bakin tsoho, ku tambaye shi inda take ƙarewa tun yana da rai, kada ku yanke don ta yi muku tsawo.

Washegari da na idar da sallah, na bar Haruna yana barcin da ya daɗe bai yi ba, na zaga bayan ɗakin ajiya inda muka kifa dutsen Habboba tun rasuwarta, tsummoki da karan dawa sun rufe shi. Na yaye, na juyo shi da ƙyar don in wanke in zaunar da yaron ya koyi sauran waƙar. Cikinsa da gari, sabo, da ɗan danshinsa. Na daɗe tsugune ina kallo. Sannan na yi bismillah, na share shi da tafin hannu, na je na tashe shi.