Nauyin Ƙuri'ar Batulu

Tun tana 'yar shekara tara Batulu ta kama allura a ɗakin kakarta a Kusfa, kuma har ta kai arba'in da biyar ba ta ajiye ba. Duk cikin birnin Zariya an san aikin rigarta na aska takwas. Ta yi sakandare, ta iya waya, shi ya sa da masu aikin riga suka shiga wata kasuwar intanet da ke kan bulokcen, wato kundin intanet da ba a iya goge abin da aka rubuta a ciki, inda ake ba kowace riga shaidar cewa ɗinkin hannu ce, mata fiye da ɗari biyu suka ce ita ce wakiliyarsu.

A wannan kasuwa ba a ƙirga kawuna. Yawan tokin, wato kuɗin intanet na kasuwar, da mutum ya jingine shi ne nauyin ƙuri'arsa, sai ya miƙa wa wakilin da ya ga dama. Batulu ta daɗe tana ƙorafi a kan haka, domin ko an haɗa matan kaf, ba su kama ƙafar attajiri ɗaya ba.

Wata Laraba aka buɗe zaɓe a kan ko rigar da inji ya yi wa aiki ita ma za ta sami shaidar. Da hantsi ta duba waya, sai ta ga nauyin ƙuri'arta ya ninka sau goma. Kafin azahar Alhaji Zaharaddini, mai injinan aikin riga a Ƙofar Galadima, ya yi sallama a zaure.

Bayan gaisuwa ya ce, "Ni na tura miki nauyina tun jiya, Malama. Maganarki ake ji. In kika amince, sauran wakilai za su bi."

"Alhaji, matan da suka ɗora ni a'a suka ce."

"Nawa suke a ma'auni? Ni ma yanzu ke ce wakiliyata."

"Ai ba ka shawarce ni ba."

"Tsarin bai ce sai an shawarta ba."

Gaskiyarsa ce. Sai dai da zarar an buɗe zaɓe, nauyin kowa ya tsaya inda yake har a rufe. Shi ba halin janyewa, ita ba halin raba ƙuri'a biyu.

Ranar Alhamis sau uku tana warware aikin da ta yi. Daga bisani ta yafa mayafi ta nufi gidan Hajo, dattijuwar da ta fi kowa daɗewa a sana'ar.

"Ki danna a'a da kayan nasa," in ji Hajo. "Wa ya aike shi?"

"Inna, shekara uku ina cewa zalunci ne dukiya ta rinjayi jama'a. Yau kuma in yi rinjaye da dukiyar wani ba da son ransa ba? Amana ce fa."

"Tamu ba amana ba ce? Wata biyu nake kan riga ɗaya, idona har ya fara gajiya. Injinsa kafin la'asar ya gama."

Ranar Juma'a ƙarfe huɗu za a rufe. Alhaji ya kira sau bakwai, ba ta ɗaga ba. Saura minti goma, ta danna a'a. Nan take kuma ta rubuta a dandalin kasuwar, da sunanta, cewa kashi tara cikin goma na nauyin da ta kaɗa ba na mutanenta ba ne, kuma ba don shi ba da inji ya ci. Ta nemi a sa iyaka ga nauyin da wakili ɗaya zai ɗauka.

A'a ta yi nasara. Da Asabar Alhaji ya kwashe nauyinsa ya miƙa wa wani wakili a wani gari, aka kuma sake shigar da batun injin, za a kaɗa ƙuri'a bayan wata ɗaya. Wasu matan sun zo yi mata barka, wasu sun ji haushi ta fito ta faɗi yadda aka ci.

Neman sa iyakar ma da nauyi za a yanke shi, ta kuma sani. Ƙananan wakilai talatin da ɗaya ne a kasuwar. Zuwa yanzu ta kira sha tara, shida sun ce suna tare da ita.